Ranar da Adda Ta Kira Sunana

Ƙarar awarwaro nake fara ji duk lokacin da na tuna ranar. Na azurfa ne, sirara, sun tsufa har zanen jikinsu ya shafe, in suka taɓa juna sai su yi wata 'yar ƙara kamar ta cokali a bakin kofin shayi. Gwaggo Hari ce ta zura mini su da safe a tsakar gidanmu na Kazaure. Ana yayyafi, duwatsun bayan gari sun yi kore shar, motar da za ta kai mu Kano tana jira a ƙofar gida.

"Na Addarki ne," in ji Gwaggo. "Ta ce ki sa, kada ki cire sai kun isa."

"Gwaggo, sun yi mini yawa. Ji yadda suke ƙara."

"To su yi mana. Ke da ba kya magana, bari hannunki ya yi."

Ummi, ke nake rubuta wa wannan, ko da yake yanzu ko alif ba ki sani ba. In kin girma za ki ji ana ba da labarin a gidan biki, ana cewa ranar da kakarki ta tayar da rigima a filin jirgi. Ba haka aka yi ba. Ko muryarta ba ta ɗaga ba. Ina so ki ji shi daga bakin wadda ta tsaya a wurin.

Ni ce 'yar farin Adda. A wurin mutanenmu, Fulanin da ke zaune a gefen Gwiwa, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama kusa da shi a cikin mutane, ba ta nuna cewa ta san shi. Fulako ake ce wa wannan kunyar. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ga ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hari, da ke aure a Kazaure, ita ta raine ni, ita ta sa ni makaranta har na gama jami'a. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, kamar yadda ake ce wa babbar yaya. In na je hutu, sai ta sunkuyar da kai ta amsa gaisuwata tana kallon ƙwaryar da ke gabanta. In tana son a ba ni fura, ƙanena za ta ce wa, "Kai wa waccan." Ban taɓa jin haushi ba, don na san furata ta fi ta kowa nono. Amma ina yarinya nakan kwanta ina gwada yadda sunana zai fito a muryarta, in canza masa sauti iri-iri, har barci ya ɗauke ni.

A daminar shekarar da na gama jami'a idonta ya matsa mata. Na hagu an daɗe da sanin ya yi rauni, sai na dama shi ma ya fara. Likita a Kano ya ce wata fata ce a can cikin idon take saɓulewa, aikin kuma sai a Legas, kuma ba abin da za a jinkirta ba ne. Yayanta Kawu Buba, mai sayar da shanu a can, ya samo mata rana a asibiti, ya yanka mata tikitin jirgi. Sai daga baya aka tuna ana bukatar macen da za ta zauna da ita a gadon asibiti. Ƙannena mata duk ƙanana ne, Gwaggo kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya. Aka yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe aka ce ni. Gwaggo ta yanka mini nawa tikitin daban. Ni dai abin da aka gaya mini shi ne Adda tana gani dishi-dishi.

A mota ta zauna a baya kusa da Gwaggo, ta ja mayafi har goshi, ni ina gaba. Tun daga Kazaure har Kano ba mu yi magana ba bayan gaisuwa. A ƙofar filin jirgi Gwaggo ta riƙo hannunta suka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, sannan ta sake ta, ta ce mini, "Shige gaba, tana bayanki." Haka muka shiga, ni a gaba da akwati, ita a baya da ɗan rata tsakaninmu, kamar yadda muka saba tafiya ko a hanyar rijiya.

Mun shiga layi ke nan wani ma'aikaci ya hango Adda, ya ga dattijuwa, ya zo da ladabi ya ce, "Mama, zo nan, ba kya tsaya a layi ba." Ya karɓi 'yar jakarta, ta bi shi. Ina kallo aka duba tikitinta, aka ba ta katin shiga jirgi, ya zaunar da ita a kujerun da ke kusa da kantar duba tikiti. Da wata 'yar ce, da ta bi uwarta ta ce tare muke. Ni ko a raina abin bai zo ba. Yaya zan ratsa mutane in je in tsaya kafaɗa da kafaɗa da Adda? Ita ma ba ta waiwayo ba. Na ci gaba da bin layi, ina juya awarwaron a hannuna kamar yadda nake yi da duk abin da na riƙe in gabana yana faɗuwa. Ban taɓa hawa jirgi ba. Ina ta tunanin ko gajimare daga sama ma fari ne, ko yana da wani launi da ba a nuna wa na ƙasa.

Layin bai yi sauri ba. Da na iso, saurayin da ke bayan kantar ya karɓi tikitina ya daddanna kwamfuta, ya daɗe yana kallonta, sannan ya turo mini abina.

"Hajiya, sai haƙuri. Jirgi ya cika."

"Ga tikitina fa. Na yau ne."

"Na gani. Tikiti kina da shi, kujera ce babu. Za mu sa ki a na gobe da yamma."

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Kamfanonin jirgi sukan sayar da tikiti fiye da kujerun da suke da su, don sun saba a kowace tafiya wasu ba sa zuwa. Yawanci lissafin yakan fita. Ranar kowa ya zo, ni kuma ina cikin na ƙarshen layi. Aikin Adda gobe da safe ne. Jirgin gobe da yamma ba shi da wani amfani a gare mu.

Ummi, na karanta littattafai da yawa, na rubuta waƙoƙi cike da kalmomi masu nauyi, amma a gaban kantar nan ko ɗaya ba ta zo mini ba. Hannuwana suka saki a gefena, na tsaya ƙiƙam, mutumin da ke bayana yana cewa in matsa. Abin da nake gani kawai shi ne Adda ita kaɗai a cikin jirgi, ita kaɗai a garin da ba ta jin yarensa, ana tura ta ɗakin aiki babu wanda zai gyara mata ɗankwali.

Sai na ji motsi a gefe. Adda ce ta taso. Tana tahowa a miƙe, ta yi tuntuɓe da akwatin wani, ba ta ko tsaya ba shi haƙuri ba, na ce a raina lallai ranta ya ɓaci. Ta zo ta tsaya dab da ni, kusancin da ban taɓa samu ba tun da na yi wayo, har ina jin ƙanshin man shanu da hayaƙin itace a mayafinta. Ta lalubi bakin kantar ta ajiye katinta.

"Me ya faru?" Ba ni ta tambaya ba, iska ta tambaya.

Saurayin ya maimaita mata. Ta saurara har ya gama, fuskarta tana fuskantar gefen kafaɗarsa.

"Ɗan nan, kujerar da kuka sayar wa wannan, wa ke kanta?"

"Mama, ba ni ba ne, kwamfuta ce ta nuna ya cika."

"Kwamfutar ce ta sayar?"

"Kamfani ne, Mama. Haka ake yi ko'ina, saboda wasu ba sa zuwa."

"Ni nono nake sayarwa," in ji Adda a hankali. "In mutum ya saya ya ce in ajiye masa zai dawo, ban taɓa sayar wa na bayansa ba don ina zaton ba zai dawo ba. In rana ta faɗi bai zo ba, asarata ce ko tasa, mu muka sani. To ga katinku. In babu wurin wannan, ni ma babu nawa."

Na ce, "Adda, aikin fa gobe ne." Ba ta nuna ta ji ni ba.

Mutane suka fara taruwa, wasu na dariyar zancen nonon, wasu na cewa gaskiya ta faɗa. Hayaniyar ce ta jawo wata mata mai kayan aiki, jami'ar hukumar da ke kula da jiragen sama, wadda aikinta shi ne sauraron koken fasinja. Ta gaishe da Adda da girmamawa, ta ji bayani, sannan ta juya ga saurayin.

"Kun nemi masu sa kai?"

Ya sosa ƙeya ya ce manajansa bai ce a yi ba.

"To kira shi. Ba a hana fasinja hawa sai an fara tambaya ko akwai wanda zai bar kujerarsa da son ransa." Ta juyo gare mu, ta ɗaga murya yadda na kusa za su ji. Ta ce wanda aka bari ba da sonsa ba, yana da zaɓi, ko a mayar masa da kuɗinsa ko a sa shi a jirgi na gaba, kuma ban da wannan akwai diyya, akwai abinci, in kwana ya kama akwai masauki. Ba alfarma ba ce, haƙƙinsa ne. Sannan ta rage murya. "Mama, na ji an ce asibiti za ki. Doka ta ce mai lalura da mai rakiyarsa su ake fara ba wa kujera. In ba kya iya tafiya ke kaɗai, faɗa mini, yanzu a gama magana. Yaya ganin naki?"

Adda ta gyara mayafinta.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

"Kina gani ke nan?"

"Alhamdu lillahi."

Jami'ar ta dube ta, ta dube ni, ta ce to shi ke nan, sai a nemi mai sa kai. "Amma in san abin da zan gaya wa mutane. Mece ce wannan a wurinki?"

Nan Adda ta sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar. Jami'ar ta sake tambaya, ta ɗauka ba a ji ba. Sai wata murya mai kauri ta taso daga kujerun jira.

"Malama, kada ki wahalar da kanki. Bafulatana ce, wannan kuma 'yar fari ce. Dube su, kamar an tsaga kara. Ko za ki kwana kina tambaya ba za ta faɗa ba."

Wata babbar mace ce cikin lafaya ruwan goro, ƙanshin turaren wuta yana riga ta isowa. Daga baya muka ji sunanta Hajiya Yagana, Babarbariya, turare take kaiwa Legas. Kin san tsakaninmu da Barebari akwai wasa tun na kakanni, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma ba a fushi. Ta taso tana gyara lafaya, tana kaɗa katinta kamar mafici.

"Ni ina da kujera, kuma turare ba ya lalacewa kafin gobe. Ba zan ga baiwata a tsaye tana shan wahala in wuce ba, a ce Barebari ba sa kula da dukiyarsu."

"Yau kuma bawa ne da kyauta," in ji Adda, kanta a sunkuye. Na ga gefen bakinta ya motsa.

"Ji ta. Da nono aka yaye ku, shi ya sa ba ku da nauyi, iska ma ɗaukarku take yi, ban san me za ku yi da jirgi ba." Aka yi dariya. "Amma ni ba na ba wa wanda ba shi da suna kujerata. Wa zan ce na ba wa? Waccan? Wannan? Faɗi sunanta in ji, in ba ta."

Na san wasa take yi. Na kuma san da Adda ta yi shiru, da matar nan za ta ja ta kaɗan ta bayar, don ta riga ta miƙo katin. Na ɗaga kai zan faɗi sunan da kaina, in sauƙaƙa mata. Adda ta riga ni.

"'Yata ce," ta ce. "Ni na haife ta. Aminatu."

Duk sautukan da na gwada ina yarinya babu wanda ya dace. Ta ja tsakiyar sunan kaɗan, ta sauke ƙarshensa a hankali, kamar mai sauke ƙwarya cike daga ka. Hajiya Yagana ma dariyarta ta tsaya. Ta dubi Adda, ta ajiye katin a kan kantar, sai da ta juya ta goge ido da bakin lafaya sannan muryarta ta dawo.

"To, ina manajan? Zo nan, ɗana, mu zauna. Malama, maimaita mini abubuwan nan da kika lissafa, kada in manta ko ɗaya."

Jami'ar ta ce mata ai mai sa kai abin da ya daidaita da kamfani shi ne nasa, ban da kujerar gobe. Hajiya ta ce madalla, ciniki ai gidansu aka zo. Muna barin wurin ina jin ta tana cewa masaukin ya zama mai ruwan zafi, abinci kuma kada a kawo mata biskit, ita ba yarinya ba ce, kujerar goben kuma ta bakin taga. Ta ɗaga murya ta ce da ni, "Ke Aminatu, in kin yi aure ki aiko a sayi turare, kada ki je ki sa na Fulani mai warin saniya." Ban sake ganinta ba. Duk turaren wutar da na ji har yau sai na yi mata addu'a.

Da za mu hau matakalar jirgi na ji an kama bakin mayafina ta baya. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya za ta saki. Haka muka hau. A cikin jirgi wani ya yi mana musanya muka zauna tare, ita a bakin taga. Ta juya fuskarta ga gilashin tun daga Kano har Legas. Gajimaren fari ne, Ummi, fari ƙal kamar kindirmo. Na so in ce mata ta gani, sai na ga ai shi take kallo.

An yi aikin a kan lokaci. Idon dama ya tsira, na hagu bai dawo ba. Likita ya hana ta hawa jirgi har sai idon ya warke, don haka a mota muka dawo. Labarin kuwa ya riga mu isa Gwiwa, don na ba Gwaggo ta waya, Gwaggo kuma ba ta iya riƙe abin daɗi. Abin bai zo wa Adda da sauƙi ba. Matan rugarsu suka sa mata suna Uwar Aminatu, suna faɗa suna dariya in ta wuce. Wata gwaggonta tsohuwa ta aiko a gaya mata ta je birni ta zubar da fulako a gaban maza. Har kaka ta wuce ba ta je bikin kowa ba. Ba ta taɓa kare kanta ba, ba ta kuma sake kiran sunana ba har yau. Na koma waccan. Awarwaron dai da na kai mata ta ce wa ƙanena, "Ce mata ta riƙe."

Shekaru suka wuce, na yi aure, aka haife ki, aka sa miki sunanta, shi ya sa ni ma ba na kiran naki. Ina wankan jego a gidan Gwaggo, wata rana da hantsi ina ƙoƙarin kwantar da ke, duk lokacin da na motsa hannu sai ƙarar awarwaron ta farkar da ke. Gwaggo tana gefe tana dama kunun kanwa.

"Cire su mana ki huta," ta ce. "Aikinsu ai ya ƙare tun a Legas."

"Wane aiki?"

Ta tsaya da damun. Ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta ce ai an daɗe, faɗa yanzu ba laifi.

"Ranar da kuka tafi, Addarki ba dishi-dishi take gani ba. Haske da duhu kawai take bambancewa. Ta hana a gaya miki. Hannunki ba za ta iya riƙewa ba, sanda kuma ta ƙi. Shi ne ta ciro su daga hannunta ta ce in sa miki, in kina gaba za ta bi ƙarar."

Na ce to don me ba ta gaya wa jami'ar ba, da kalma ɗaya ta wadatar, da ba a kai ga sunan ba.

"Na tambaye ta. Ta ce kina tsaye a wurin. Ba ki taɓa hawa jirgi ba, tsoro ɗaya ya ishe ki." Gwaggo ta ci gaba da damunta. "Ta ce tana zaune tana jin ki a layi, kina ta juya su, ta san kina matsowa. Can sai ƙarar ta ɗauke. Ta jira, ba ta dawo ba. Shi ne ta tashi ta nufi inda ta ji ta ƙarshe."